Neman shawara: jarrabawar baƙin bel ta matso, diddigena ya ƙi zama ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Birnin Kebbi, kareti nake yi, salon Shotokan, kuma ina matakin ƙarshe na bel mai ruwan ƙasa. Bayan babbar sallah za a yi mana jarrabawar shodan, wato matakin farko na baƙin bel. Kata, wato tsararren jerin motsi da ake haddacewa, ba ta dame ni ba, Bassai Dai zan yi, na haddace ta. Kihon, wato motsin tushe na tsayuwa, naushi, shuri da kariya, shi ne ya tsaya mini a rai. Duk lokacin da na taka gaba a zenkutsu-dachi (tsayuwar da ake lanƙwasa gwiwar gaba) da naushin oi-zuki (naushi tare da taku), sai diddigen ƙafar baya ya ɗaga, kaina ya yi sama ya dawo. Ga zafin garin nan, kafin a zo shurin gaba (mae-geri) numfashi ya ƙare. Wanne zan fara gyarawa?

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Diddigen tukuna. Ka buɗe ƙafafu faɗin kafaɗa, kar ka jera su a layi ɗaya. Mafi yawan masu ɗaga diddige tsayuwarsu ce ta yi tsawo fiye da ƙarfin ƙugunsu.

Tsohon ɗalibi daga Argungu: Ƙanena, kar haddar Bassai Dai ta ruɗe ka. Motsi 42 ɗin nan duk kihon ne aka sarƙa, malaman da za su zauna gabanka sun san haka. Tun daga gedan-barai (kare hari ta ƙasa) na farko suke karanta mutum. A zenkutsu-dachi, nauyinka ya zama kusan kashi 60 a ƙafar gaba, 40 a ta baya. A kokutsu-dachi (tsayuwar jingina baya) kuwa kusan 70 baya yake komawa. Zancen kai, ka ɗaure igiya a tsakar gida daidai saman kanka kana cikin tsayuwa, ka yi ta takawa ƙarƙashinta. In ka taɓa ta, gwiwar gaba ce ta miƙe. A hankali za ka yi, har cinya ta fara rawa. Sannan hannun da ke komawa ƙugu, hikite, ka janye shi da ƙarfin da ka kai naushin. Ba irin hannun ɗan dambe ba ne da ake miƙewa gaba don kariya, shi ne ke juya ƙugu.

Maman Yara, Yauri: Numfashin fa, ɗana? Riƙe shi kake yi. Ka fitar da iska tare da kowane naushi, kiai ɗin, wato ihun da ake yi, ya fito daga ciki, ba maƙogwaro ba. Atisaye kuma bayan asuba, ko a filin wasa na Haliru Abdu in rana ta yi sanyi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yaya, igiyar nan har da mae-geri?

Tsohon ɗalibi daga Argungu: Har da shi. Ka ɗaga gwiwa, ka harba, ka dawo da ƙafar tukuna kafin ka sauke ta. Ka kuma tambayi malaminku jerin da ƙungiyarku ke bi, don wasu suna haɗa katar Tekki Shodan da ɗaya daga cikin katocin Heian.