Neman kalma: me za mu kira "suspended grant" a tsarin CBRS?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana neman Hausar "suspended grant", kamar yadda yake fitowa a littafin jagorar na'urorin CBRS na Amurka, wato zangon megahaz 3550 zuwa 3700 da FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, ta buɗe a 2015 don a riƙa amfani da shi tare. Abin da ya fara zuwa baki shi ne "dakataccen lasisi". Malamai, ya zauna ko da gyara?

Injiniyan Rediyo: Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar lasisi dai a cire ta tun yanzu, tana da mai ita. Masu amfani da zangon nan hawa uku ne. Na sama su ne waɗanda aka tarar a wurin, musamman radar jiragen ruwan sojan Amurka. Na tsakiya su ne masu PAL, waɗanda suka sayi lasisi a gwanjon 2020. Na ƙasa kuma GAA, kowa da kowa, ba su sayi komai ba. To amma da mai lasisin da marar shi, babu na'urar da za ta watsa sai ta roƙi SAS, kwamfutar da ke rabon zangon, ta ce ina son daga mita kaza zuwa kaza da ƙarfi kaza. Amsar da aka ba ta ita ce "grant". Izini ke nan. Idan muka kira shi lasisi, ranar da mai PAL ya ce lasisinsa na nan amma "grant" ɗinsa ya tsaya, ba mu da bakin fassara maganarsa.

Malamar Hausa: Izini ya yi, Injiniya. Ni "dakatarwa" ce ba ta kwanta mini ba. A kunnen Bahaushe wanda aka dakatar laifi ya yi, kamar ma'aikacin da ake bincike a kansa. Na'urar tana yin laifi ne kafin a tsayar da ita?

Injiniyan Rediyo: Galibi ba ta yi komai ba, Malama. Na'urorin sauraro da ake kira ESC suna jere a gaɓar teku. Da sun ji radar a wani layi na megahaz 10, sai a tayar da yankin kariya na wurin, DPA, SAS kuma ta duba jerin na'urorin da ta riga ta lissafa cewa za su iya damun radar, ta aika musu lamba 501, wato "suspended grant". Haka kuma idan na'urar sauraron ce ta lalace, ana ɗauka kamar jirgin yana nan, a tsayar da duk na cikin jerin. Dalili na uku ya fi rikita sabbin shiga: sabon izini kan fito a tsaye, sai an jira lissafin da kamfanonin SAS irin su Google da Federated Wireless ke yi a tsakaninsu sau ɗaya a rana, da dare agogon Amurka.

Malamar Hausa: To ga kalmarku: jingine. Kullum muna ji a rediyo, "ƙungiya ta jingine yajin aiki". Ba a fasa ba, ba a soke ba, an ajiye ne a inda hannu zai kai.

Mai Hawa Turke: Wannan ta shiga, kuma tana da amfani ga mai gyara, don babban kuskuren da ake yi a fili shi ne haɗa 501 da 500. Lamba 500 izini ya mutu, dole na'ura ta roƙi sabo. A 501 kuwa izinin yana raye. Na'ura takan kashe watsawa kawai, ta koma matsayin mai izini da ba a ce mata ta fara ba, ta ci gaba da tuntuɓar SAS. Da zarar amsa ta dawo da lamba 0, watsawa ta dawo da kanta. Wanda bai san haka ba sai ya goge rajistar na'ura ya sake, izinin da ke hannu ya tafi, sabon da ya roƙa kuma wataƙila ya kwana yana jiran lissafin dare. Garin gyaran gira an rasa ido.

Mai Fassara: Sai dai fa "jingina" tana nufin kayan da aka ajiye don karɓar bashi. Kada mai karatu ya zaci an ba da izinin jingina.

Malamar Hausa: Shi ya sa ba za mu yi suna da ita ba. "Jinginannen izini" ma nauyi gare shi a baki. A ce "an jingine izini", a allon na'ura kuma a rubuta "izini a jingine". Kishiyarsa "an soke izini". Babu wanda zai kawo bashi a nan.

Injiniyan Rediyo: Tunda an zo nan, a taɓa "heartbeat", don ba a gane jinginewa sai da ita. "Bugun zuciya" fassarar baki da baki ce, ba ta nuna wa ke zuwa wurin wa. Na'ura ce ke zuwa wurin SAS a kai a kai, SAS ta ba ta wa'adin da za ta ci gaba da watsawa. Idan wa'adin ya cika ba a sabunta ba, daƙiƙa 60 gare ta ta yi shiru. A kusa da DPA wa'adin ba ya wuce daƙiƙa 240, don jimilla ta zama 300, lokacin da aka ƙayyade a bar wa radar layinta. Ni "kai gaisuwa" nake gani, kamar hakimi a fada.

Mai Hawa Turke: Gaisuwa ta yi mini. Da ita ma ake fara bincike. A buɗe rajistar saƙonnin na'ura a ga ko gaisuwar tana isa. Idan babu amsa sam, ba jinginewa ba ce: a duba layin intanet, a duba agogon na'ura, don agogon da ya kauce yakan sa a ƙi takardar shaidar tsaro. Idan amsa na zuwa da 501, a duba mitar. Kariyar radar ta gaɓar teku ta tsaya ne a 3550 zuwa 3650, saboda haka izini a 3650 zuwa 3700 shi ne mafaka in akwai gurbi. A karanta amsar har ƙarshe, SAS takan saka shawarar wani layi ko wani ƙarfin a ciki. Sannan faɗin izinin: wanda ya roƙi megahaz 40 a izini ɗaya, layi guda aka taɓa duka arba'in ɗin sun tsaya. Wanda ya raba huɗu goma-goma, in na'urarsa ta iya, guda kawai zai rasa.

Sai ƙarfi. Iyakar rukunin B, wato na'urori masu ƙarfi da ake kafawa a waje, ita ce 47 a ma'aunin ƙarfi na dBm a kowane megahaz 10, amma a takardar roƙo ana rubuta shi ne a kan megahaz ɗaya, wato 37. Rage ƙarfi ko karkatar da eriya daga teku kan fitar da na'ura daga jerin masu damun radar, sai dai ba nan take ba, sai lissafin dare ya zagayo. Tsawon eriya da inda ta fuskanta kuma, a rukunin B, mai kafawa mai shaidar ƙwarewa ta CPI ne kaɗai ke gyara su.

Mai Fassara: Na rubuta: izini, an jingine izini, an soke izini, gaisuwa. Saura "shared spectrum". Na so "zangon tarayya".

Malamar Hausa: A'a, Malam, za a ɗauka na gwamnatin tarayya ne, ga shi kuwa sojan ruwa na ciki. Sa "zangon haɗaka".