Rigimar teɓa a zauren 'yan unguwa

Ɗan Marusa: Salamu alaikum. Ni fa na gaji da mutanen garin nan. Na je gwajin jini da safe ban karya ba, ya nuna 112. Likita ya ce sai ya kai 126 ake kiransa ciwon suga, amma jikina ya fara ƙin jin insulin, in ban tashi tsaye ba can na nufa. Tun da na bar lemon kwalba ake kirana mai iyayi, har a wurin ɗaurin aure. To ku ji, ba cokalin sukari kaɗai ke kawo ciwon nan ba. Teɓa ce babbar hanyarsa, kuma masu yi mini dariyar da ita suke yawo.

Alhaji Babba: Wa alaikumus salam. Yaro, su wa ke yawo da teɓa? Fito fili.

Ɗan Marusa: Allah ya huci zuciyarka Alhaji, ban kama suna ba.

Alhaji Babba: Ba sai ka kama ba. Teɓa rufin asiri ce. Mahaifinmu da tasa ya tsufa, ko allura ba a taɓa yi masa ba.

Maman 'Yan Biyu: Ai ba kowane ciki ne teɓa ba. Na Alhaji tumbi ne na gado, duk gidansu haka suke. Teɓa ta mai zaman banza ce.

Tela: Hajiya, ni da nake auna su na san babu wani bambanci. Tef ba ya tambayar gado ne ko ba gado ba.

Maman 'Yan Biyu: Kai da ka riƙe mini ɗinkin Salla har bayan hawa, yau kai ne mai auna mutane?

Sista: Don Allah ku saurara. Insulin shi ke kwankwasa ƙofa don sukarin da ke cikin jini ya shiga tsoka da hanta a yi aiki da shi. Idan kitse ya taru a cikin ciki, ya lulluɓe hanta da hanji, sai ƙofar ta daina buɗuwa da wuri. Jiki ya ƙara yawan insulin, ya yi ta ƙarawa shekara da shekaru, mutum bai ji komai ba. Ranar da ya gaza, sukari ya hau. Shi ne nau'i na biyu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suga shi gare su. Wasu ma wuyansu ke yin baƙi da kauri, a yi ta dirza da soso ana cewa dauɗa ce.

Alhaji Babba: Wato ke ma teɓar kike zagi.

Tela: To Sista, ƙanwata siririya ce, tun tana firamare take allura. Ina teɓar?

Sista: Nata nau'i na ɗaya ne Malam, jikinta ne ba ya yin insulin ɗin. Kuma siriri ma yana iya kamuwa da na biyun, musamman in akwai shi a dangi.

Maman 'Yan Biyu: Kun ji ko! Dangi. Abin da na faɗa kenan.

Ɗan Kusugu: Laifin Katsinawa ne. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, taliya da dare, ko masallaci sai a kan mashin. Mu a Daura gero muka sani, fura ta riƙe mu.

Ɗan Marusa: Furar da kuke zuba wa sukari ludayi guda?

Ɗan Kusugu: Wanda aka ce da shi kunya gare shi ba tsoro ba, yau ga shi yana tsoron lemo.

Alhaji Babba: Bar kirarinmu a inda ka gan shi. Ku da kuka rasa mai kashe maciji sai da baƙo ya zo daga Bagadaza.

Inna Mai Zogale: Ku dafa ganyen zogale da shuwaka ku sha kan ku karya. Mai so ya yi mini magana ta gefe.

Sista: Inna, a ci zogale, abinci ne mai kyau, amma kada wani ya ajiye maganin asibiti saboda shi. A Amurka an yi bincike, aka fitar da sakamako a 2002: masu irin matsalar Ɗan Marusa da aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58. Masu shan ƙwayar maganin suga ta metformin kuwa, tasu ta ragu da kashi 31.

Ɗan Kusugu: A Amurka. Sun san fura?

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta shi ne, ita kanta Sista ta yarda siriri ma yana kamuwa, kuma gado ne, don haka ba a tabbatar da laifin teɓa ba. Fura ba ta da matsala, mu ma ita muke sha. Maganar maciji ba huruminmu ba ce. Ɗan Marusa ya ba Alhaji haƙuri, mu ma da muke da ɗan jiki mun yafe. Duk wanda ya sake rubuta kalmar nan zan cire shi.