Tari da haki ga yaro: mura ce ko nimoniya?

Ummu Hanif, Rikkos: Assalamu alaikum. Don Allah masana, a wannan hunturun na Jos, yaya uwa za ta bambance mura da nimoniya (ciwon huhu) ga ɗan wata 14? Maganin tari na kemis ya wadatar?

Anti Nas: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Numfashi za ki ƙirga. Ki bari ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba, ki ɗage rigarsa ki ƙirga minti ɗaya cur da agogon waya. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye ya yi sauri. Shekara 1 zuwa 5, 40. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, asibiti kai tsaye. Ki kuma duba ƙasan haƙarƙari ko yana lotsawa in ya ja numfashi. Saurin numfashi ko lotsawar nan alamar nimoniya ce. Maganin tari kuwa ba ya taɓa ƙwayar cutar da ke huhu, wani ma barci yake sa yaro a zaci sauƙi ne.

Likitan Yara: Haka ne, Anti. In an duba an tabbatar nimoniya ce, amoxicillin ake bayarwa, ƙwaya mai miligiram 250 da ke narkewa a ɗan ruwa ko nonon uwa. Nauyi ake bi: kilo 4 zuwa ƙasa da 10, ƙwaya ɗaya, 10 zuwa ƙasa da 14, biyu, 14 zuwa 19, uku. Safe da yamma, kwana 5. Inda aka fi kuskure shi ne dainawa a kwana na biyu don zazzaɓi ya sauka, alhali ƙwayoyin cutar ba su gama mutuwa ba, sai ciwon ya dawo. In ya amayar kafin minti 30, a sake ba shi. In bayan kwana 3 hakin bai ragu ba, Hajiya, ki mayar da shi asibiti.

Malamin Asibiti, Gangare: Wasu alamun ba a jiran kwana 3: ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai. A nufi JUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Jos) a Lamingo ko asibitin Plateau Specialist ko da tsakar dare ne. Za a maƙala masa na'urar auna oksijin na jini a yatsa. In oksijin ya gaza kashi 90 cikin 100 sai a sa masa iska, a yi allurar ampicillin da gentamicin. Sannan kaskon gawayin nan da ake kwana da shi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa na ƙara wa huhun yaro wahala. Ki duba katin rigakafinsa ma, ko ya samu PCV (rigakafin nimoniya) da penta (rigakafin cututtuka biyar) na sati 6, 10 da 14.