Gasar kamogi ta 2025 a Ayalan: me ya sa kofin ba ya fita daga hannun gundumomi uku?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum. Na bi gasar kamogi (wasan mata na Ayalan da ake bugawa da sanda da ƙaramar ƙwallo) ta manyan mata ta 2025 har zuwa wasan ƙarshe da aka buga a filin wasa na Croke Park da ke Dublin ranar 10 ga Agusta, inda Galway ta doke Cork da 1-14 da 1-13. Da farko ina neman bayani kan yadda ake karanta wannan sakamako. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, tun daga 2013 babu gundumar da ta ɗaga kofin gasar, wato kofin O'Duffy, sai Cork da Kilkenny da Galway. Shin sauran gundumomin suna da rabo, ko rakiya kawai suke yi?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Lambar farko ita ce yawan ƙwallayen da suka shiga raga, kowace ɗaya maki 3, ta biyun kuma yawan waɗanda aka cilla ta saman sandar raga tsakanin dogayen turaku biyu, kowace maki 1. Ke nan Galway ta samu maki 17, Cork ta samu 16. An kori Hannah Looney ta Cork dab da tafiya hutun rabin lokaci, amma duk da ragowar 'yan wasa 14 da suke da su, sai da suka farke da ƙwallon Orlaith Cahalane ana dab da tashi, kafin kyaftin ɗin Galway, Carrie Dolan, ta ci bugun tazara daga nesa wanda ya raba gardama. Da Cork ta yi nasara, da ta ci kofin sau uku a jere.

Maryam:
'Yar'uwa, wannan babakere ba sabon abu ba ne a tarihin gasar, wadda aka fara a 1932. Dublin ta ci kofin sau 10 a jere daga 1957 zuwa 1966, kuma Kathleen Mills kaɗai ta tara lambobin yabo 15 tare da ita, amma rabon Dublin da kofin tun 1984. Kilkenny ta riƙe shi daga 1985 zuwa 1991, Tipperary ta ci sau 5 tsakanin 1999 da 2004, Wexford kuma ta ci daga 2010 zuwa 2012. A ganina kowace gunduma tana tashe ne idan ta samu tsara guda ta 'yan mata da suka taso tare tun daga ƙungiyoyin garuruwansu, domin ba a sayen 'yar wasa, kowa gundumarta take bugawa, kuma babu mai karɓar albashi. Idan tsarar ta ajiye sanda ba a raini wata a bayanta ba, sai tashen ya wuce.

Malam Bashir:
Na yarda da ke, Malama Maryam, sai dai ratar tana nan da girmanta. Da Waterford ta kai wasan ƙarshe a 2023, karon farko tun 1945, Cork ta lallasa ta da 5-13 da 0-9, kuma Amy O'Connor ta Cork ta zura ƙwallo uku a raga cikin 'yan mintuna kaɗan bayan an dawo daga hutu.

Hauwa'u:
Na gode muku ƙwarai. Duk da haka ina kyautata wa Waterford zato, domin ta sake kaiwa wasan kusa da na ƙarshe a 2025. Ita ce kuma ta tsaya tare da Cork suka ce da gajeren wando za su buga wasan ƙarshe na lardin Munster, ba da siket mai wando a ciki da doka ta wajabta ba, har aka ɗage wasan, sannan babban taron hukumar kamogi ya amince ranar 22 ga Mayu cewa kowace 'yar wasa ta zaɓi wanda take so. Ina fatan ganin ita ko Tipperary a Croke Park a kakar da ke tafe.