Allurar kashe zafi ta ƙi kama ni wurin cire haƙori

Mai tambaya, daga unguwar Birni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na je cire turmin haƙorina a wani asibiti nan Damagaram, kuncina a kumbure, dasashi yana fitar da mugunya. Sau biyu likita ya yi mini allurar kashe zafi, leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba, amma da ya ɗora ƙarfe a kan haƙorin sai da na ƙanƙame hannun kujera don azaba, zuciyata kuma tana ta dukan uku-uku. Ya dakata, ya rubuta mini magani, ya ce in koma idan kumburin ya saɓe. Shin jinina ne bai karɓi allurar ba? Tsoron komawa nake yi.

Wani mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, alamu sun fi nuna kumburin ne sila. Allurar da aka fi yi wa haƙori ita ce lidokayin, wadda aka haɗa a ƙasar Suwidin a 1943. Aikinta shi ne ta ratsa cikin jijiyar da ke ɗaukar saƙon zafi ta toshe ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi, sai saƙon zafi ya kasa isa ƙwaƙwalwa. To naman da ya yi mugunya tsami yake yi, kuma a cikin tsami maganin yakan sauya kama, kaɗan ne ke iya ratsa fatar jijiyar. Ga shi jini ya taru a wurin yana kwashe shi da wuri. Likitanki ya kyauta da bai yi ta ƙara allura ba, domin tana da iyaka gwargwadon nauyin mutum, kimanin miligiram 7 ga kowane kilo idan an haɗa ta da adirenalin.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Zengu:
Yaya, wannan adirenalin ɗin, da ake sawa don ya matse hanyoyin jini maganin ya daɗe a wurin, shi ne yakan sa zuciya bugawa na 'yan mintoci, balle an haɗa da fargaba. Abin da muke tsoro daban ne: ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, jiri, ko ƙuraje da sarƙewar numfashi. Idan kin ji ɗaya daga ciki, ki faɗa nan take. Ranar komawa ki gaya wa likita yadda zuciyarki ta yi, da ko kina da hawan jini ko ciwon hanta, domin hanta ce ke narkar da lidokayin.