Tirela ta buge ƙanena kusa da Shuni, mai mota na son mu sa hannu a takarda

Ɗan Gidan Igwai:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Sati uku ke nan da wata tirela mai ɗauke da albasa ta buge ƙanena a kan hanyar Gusau, gab da Shuni. Ɗan kabu-kabu ne, ya sauke fasinja ke nan. Ƙafar dama ta karye wuri biyu, sai da anka sa mai ƙarfe. Mashin kam ba a magana. Yanzu mun kashe N640,000, har tunkiyar inna munka saida. Direban ya ce birki ne ya ƙi. Shekaranjiya wakilin mai motar ya zo da N200,000 da wata takarda, wai mu sa hannu magana ta wuce. Baffanmu ya ce ƙaddara ce, a karɓa a yafe. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Yaro na da mata da 'ya'ya biyu.

Tsohon Direba:
Allah ya ba shi lafiya. Ɗana, shekara 26 na yi ina jan babbar mota tsakanin Illela da Legas. Birki ba ya ƙi haka kawai. Na iska ne, kuma kafin ya ƙi sai ya daɗe yana kuka. Ko tiyo na yoyo, ko takalmin birki ya cinye, direba ya faɗa wa maigida, maigida ya ce a lallaɓa sai an dawo. Ga lodi. Motar tan 30 a danƙara mata abin da ya fi ƙarfinta, sannan a ɗora mutane bisa kaya. Ga tayar gwanjo. Duba gefen taya, akwai lamba huɗu: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya a zafin Afrilu na Sakkwato, kwalta kamar tanderu, fashewa take yi.

Amma babban abin barci ne. Albasa ba ta jira, ana son a kai ta kudu kafin ta fara ruɓa, sai mutum ya kwana biyu bai runtsa ba, daga goro sai shayi, wasu har ƙwaya. In ya gaza ya miƙa wa yaron mota sitiyari. Ka bincika da kyau wa ke tuƙi a lokacin. A doka tirela ba ta wuce kilomita 50 a awa kan irin wannan hanya. Wa ke bi?

Lauya, Runjin Sambo:
Kada ku sa hannu tukuna. Irin wannan takarda yawanci cewa take kun karɓi kuɗin a matsayin biyan ƙarshe, kuma likita bai ma faɗi ko ƙafar za ta koma daidai ba.

Ba direba kaɗai ake bi ba. Muddin yana bakin aikin maigidansa, mai motar ma na da alhaki. Sannan doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 babbar mota N100,000 take biya a shekara, ɓarnar dukiya kuma ana biya har N5,000,000. Mashin ɗin ya shiga nan. Rauni a jiki lissafinsa daban: kuɗin magani, kwanakin da bai yi aiki ba, wahalar da ya sha, da nakasa in ta samu.

Ku nemi rahoton 'yan sanda da na hukumar kiyaye haɗurra (FRSC) in sun zo wurin, da rahoton likita. Kowane rasit a ajiye, har na allura. Ka sa lambar motar a rumbun NIID, wato ma'ajiyar bayanan inshora ta ƙasa, ka ga ko inshorar ta gaske ce, don ta bogi ta yi yawa. In babu kuɗin lauya, ka je ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke taimaka wa marasa hali da lauya. Kar ku yi sanyin jiki, shigar da ƙara na da wa'adi, shaidu kuma mantuwa suke.

Malamar Islamiyya:
Ka gaida Baffa, ka faɗa masa cikin ladabi. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta kore hakki. Kisan kuskure ma diyya gare shi, raƙuma 100, kuma a fiƙihun Malikiyya wanda ya rasa ƙafa ɗaya rabin diyya ake ba shi. Yafiya alheri ce, sai dai ta mai ƙafar ce. Shi an tambaye shi?

Ɗan Gidan Igwai:
Malama, wallahi ba wanda ya tambaye shi, mu munka yi ta magana a kansa. Jiya na tambaye shi, ya ce shi mashin yake so da kuɗin gyaran ƙafa, ba ya son a ɗaure kowa. Baba Direba, mai shayin bakin hanya ya ce wani matashi ya gani ya diro daga wajen sitiyari, ba dattijon da anka kai caji ofis ba. Barista, wanga zai canza wani abu? Wakilin ya ce ran Alhamis zai dawo.