Rahoton DNA ba tare da mai gwajin ba, in yi suka ko in bari?

Salamu alaikum manyanmu. Ina kare wani yaro a Babbar Kotun Jiha kan tuhumar kisa, masu gabatar da ƙara sun kawo rahoton DNA, wato gwajin ƙwayoyin halitta, wai jinin da ke rigarsa na mamacin ne, amma ɗan sandan da ya yi bincike suke so ya miƙa takardar, wanda ya yi gwajin yana Legas ba zai zo ba wai babu kuɗin jirgi. Kuma rigar ta daɗe a ofishin 'yan sanda kafin a tura ta. In yi suka, wato in ce kada kotu ta karɓi takardar, tun wajen miƙawa ko in bari ta shiga sai a jawabin ƙarshe? Ban taɓa yin shari'a mai DNA ba wallahi.

Wani babban lauya: Wa alaikumus salam. Ƙanina ka tashi ka yi suka nan take. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ra'ayin gwani ya ba wa hanya, ɗan sanda kuwa ba shi ya yi gwajin ba, duk tambayar da ka yi masa zai ce "ba ni na rubuta ba". Ko alƙali ya karɓa dai sukarka tana cikin rekod, za ta yi maka amfani a ɗaukaka ƙara.

Wata lauya daga Kaduna: Ranka ya daɗe na yarda, amma ni rigar ta fi damuna. Barista ka nemi rajistar kayan shaida, wa ya cire rigar daga jikin yaron, yaushe, a cikin me aka sa ta, wa ya sa hannu da za ta fita. Yawanci a leda suke ƙulle kaya da danshinsu, jini kuwa lalacewa yake a leda, busarwa ake yi a sa a ambulan na takarda. In tare da kayan mamacin aka cusa ta a buhu ɗaya ai magana ta ƙare.

Wani memba: Ku yi hattara fa, in ka matsa sai gwanin ya zo, to zai iya zuwa ya toshe duk ramukan. Kuma ACJA ta 2015, wato dokar tarayya kan gudanar da shari'ar laifuka, ta taƙaita ɗage zama, biyar ga kowane ɓangare, jihohi da dama sun kwafa, duba ta jiharka kar ka ƙone naka a banza.

Babban lauyan: Ya zo mana! Gwajin bai faɗin yaushe jinin ya hau rigar ko ta yaya. Me yaron ya ce maka?

Mai tambaya: Ya ce shi ya ɗauki mamacin ya sa a Keke Napep zuwa asibiti, yallaɓai.

Babban lauyan: To me kake jira, nemo mai keken nan da katin asibiti kafin zama na gaba.